Attahiru ɗan Ahmadu: Sarkin Musulmin da ya rasu a kan hanyar hijira

A ƙarshen Fabrairun 1903, rundunar Turawan Ingila da ta ci Kano ta sauka a Ƙauran Namoda a kan hanyarta ta zuwa Sakkwato. Kwanaki kaɗan kafin nan, a Birnin Goga, ba nisa da Ƙaura, Sarkin Kano Alu ya sulale cikin dare ya bar rundunarsa ya nufi arewa. Da gari ya waye jama'arsa ta rabu biyu. Wambai Abbas ya ja wasu suka koma Kano suka miƙa wuya, Waziri Ahmadu kuwa ya ja sauran suka yi karo da Turawa a wajen Kwatarkwashi, a nan ya kwanta dama. Cikin 'yan kwanaki, a wannan yanki namu, an gwada hanyoyi uku da suka rage wa mai mulkin da ƙasa ta suɓuce masa: a tashi, a sallama, ko a tsaya a mutu.

Mutumin da wannan zaɓi yake jira a Sakkwato bai cika wata biyar a gadon sarauta ba. Shi ne Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu, Sarkin Musulmi na goma sha biyu idan aka fara ƙirga daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A makaranta an koya mana shi a matsayin jarumin da ya ƙi bin Nasara har aka kashe shi a Burmi, kuma haka ne. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne yadda ya yi wata huɗu na ƙarshen rayuwarsa: yana tafe da mata da yara da dabbobi, yana neman a ba shi hanya ya wuce, ana bin sa da bindiga. Sunan da muke kiran mutanen Zurmi da Shinkafi da suka tsallaka Maraɗi a yau, wato 'yan gudun hijira, kalmar da ke cikinsa ita ce wadda Attahiru ya tashi da ita. Jikokin waɗanda suka bi shi kuwa har yanzu ana tambayarsu ko 'yan wace ƙasa ne.

Gidan da aka kafa a kan hijira

Attahiru ɗan Sarkin Musulmi Ahmadu ne, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1866, ya mai da Cimmola ribaɗinsa. Kakansa shi ne Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ɗan Shehu, wanda ya rasu a 1842 a Katuru, cikin ƙasar Shinkafi ta yau, shi ya sa ake ce masa Mai Katuru. Ke nan Shehu kakan mahaifinsa ne, kuma labarin da yaron gidan nan yake tashi da shi a kunne labarin tashi ne. A Fabrairun 1804 Shehu da jama'arsa suka bar Ɗagel zuwa Gudu saboda matsin Sarkin Gobir Yunfa. Bayan shekara biyu Shehu ya rubuta Bayanu Wujubil Hijra, inda ya kafa hujjar cewa wajibi ne Musulmi ya bar ƙasar da ba zai iya tsai da addininsa a cikinta ba. Daular da Attahiru ya gada, masu hijira ne suka kafa ta.

Akwai wani ɓangare na wancan labari da ya shafe mu kai tsaye, ko da yake ba a son tuna shi. A 1805, bayan asarar da jama'ar Shehu ta yi a Tsuntsuwa, Zamfara ce ta sauke su a Sabon Gari. Zamfarawa sun karɓe su hannu biyu, domin suna da tsohuwar ƙullalliya da Gobirawan da suka rushe musu birni. Amma baƙin suna da yawa, abinci ya yi ƙaranci, mayaƙa suka shiga ɗibar hatsin masu masauki, ba a daɗe ba zumunci ya koma gaba. Duk wanda ya ga yadda fuskar mai gida take sauyawa idan 'yan'uwansa da suka gudo daga ƙauye suka yi wata uku a zaurensa, ya san wannan ba ya buƙatar dogon sharhi.

Tare da wannan tarihi akwai wani zance da ya daɗe yana yawo a daular, cewa a ƙarshen zamani jama'ar Shehu za ta tashi ta nufi gabas, wajen Kogin Nilu, ta sadu da Mahadi. Sarkin Musulmi Bello da kansa ya umarci Modibbo Adama ya riƙa aika masu jiyo labari ta wajen Wadai da Darfur. Sai dai duk lokacin da talakawa suka ɗauki zancen da gaske suka fara ɗaure kaya, masu mulki hana su suke yi. Nana Maryamu 'yar Shehu ta taɓa rubuta wa Sarkin Kano cewa lokacin bai yi ba tukuna. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Bello, wanda ya tafi Adamawa ya yi mubaya'a ga Mahadin Sudan, Sakkwato ba ta taɓa yi masa kallon wanda ya kyauta ba. Babu hukumar da take son talakawanta su watse, domin da su ake noma, da su ake yaƙi.

Attahiru ya kuma ga yadda Sakkwato take karɓar waɗanda aka koro. Lokacin da Faransawa suka ci Segu a 1890, suka bi Ahmadu ɗan Alhaji Umaru Futi daga gari zuwa gari har suka raba shi da Banjagara a 1893, gabas ya nufo da sauran jama'arsa. Mahaifinsa ya zauna a Sakkwato zamanin Bello, har ya auri 'yarsa. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ba su wurin zama, Ahmadu ya rasu a ƙasar Sakkwato a 1897. Mutanen fada sun ga sarki sukutum, mai dawaki da tambura, ya zama baƙo a ƙasar wani. Bayan shekara shida ɗansa Bashiru yana cikin ayarin Attahiru, yana gudu karo na biyu.

Sarautar wata biyar

Abdurrahman, baffan Attahiru, ya rasu a Oktoban 1902. Ya bar daula a jigace. Naɗin Tukur da ya yi a Kano ya haifar da Basasa daga 1893 zuwa 1895, ya yi wa Mafara mugun horo, Kabawan Argungu kuma sun kunyata rundunarsa. Daga kudu, Lugga ya shelanta mulkin Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairun 1900. Bida da Kwantagora da Yola sun faɗi a 1901, Bauci da Zazzau suka shiga hannu a 1902. Faransawa suna Damagaram, Jamusawa suna gabashin Adamawa. Masu zaɓen sarki suna da Attahiru biyu a gabansu, ɗan Ahmadu daga gidan Atiku da ɗan Aliyu Babba daga gidan Bello. Suka ɗauki na farko, wanda ɗan'uwansa Marafa Muhammadu Maiturare na Gwadabawa yake cikin manyan mayaƙan ƙasar.

A watan da ya hau, Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya gudu Kano, Alu ya karɓe shi da girmamawa. Lugga ya sami hujjar da yake nema. Yayin da Alu yake Sakkwato wajen mubaya'a, Kanar Morland ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903.

Wasiƙun da Turawa suka kwashe daga gidan Wazirin Sakkwato, waɗanda aka fassara aka buga daga baya, sun nuna cewa muhawarar tashi ko zama ta riga faɗuwar Kano. Alu ya rubuta wa Waziri Buhari cewa shi bai ga abin da ya fi wa Musulmi alheri ba illa a bar ƙasar baki ɗaya. Alƙali Abdullahi ɗan Ali ya rubuta risala yana kafa hujjar hijira: idan babu ƙarfin yaƙi, sulhun da zai ɗora hukuncin wanda ba Musulmi ba a kan Musulmi bai halatta ba, saura tashi. Wasu suna ganin a nemi sulhu, su Marafa suna ganin abin kunya ne a bar birnin Shehu ba a harba ko kibiya ɗaya ba. Shi Attahiru zuciyarsa ta fi karkata ga hijira, kuma waƙar Hausa da ake jingina masa a kan zuwan Annasara wannan ra'ayi take ɗauke da shi. Da Morland ya aiko masa da takarda cewa suna tafe, kuma Bature da soja za su zauna a ƙasar Sakkwato daga yanzu, amsar da ya mayar ita ce yana tara mashawartansa. Ba su gama shawara ba rundunar ta iso.

A ganina nan ne kuskurensa mafi girma, idan kuskure za a kira shi. Bai shirya yaƙi sosai ba domin ransa yana kan tafiya, bai kuma shirya tafiya sosai ba domin fada ta ƙi sakin sa. Ranar 15 ga Maris, 1903, aka ja dāga a filin Giginya, bayan ganuwar birni. Sojojin Turawa ba su kai dubu ɗaya ba, kuma in ban da hafsoshi duk baƙar fata ne, da yawansu Hausawa. Amma suna da igwa da bindigar Maxim. Kafin rana ta take, dawakin Sakkwato sun watse. Waɗanda suka tsaya a gindin tuta sun faɗi ɗaya bayan ɗaya, aka janye Sarkin Musulmi daga filin, ya fuskanci gabas.

Kwana shida bayan haka Lugga ya tsaya a Sakkwato ya naɗa ɗaya Attahirun, ɗan Aliyu Babba. Ya gaya wa manyan gari cewa abin da Fulani suka samu da takobi, na ƙasa da haraji da naɗin sarauta, ya koma hannun Ingila da takobi, amma ba za a taɓa addini ba. A lissafinsa magana ta ƙare, wanda ya gudu tsohon sarki ne da 'yan tsirarun mabiya. Ba da daɗewa ba ya tafi hutu Ingila ya bar wa William Wallace riƙo.

Ayarin gabas

Lissafin bai yi daidai ba. Attahiru ya ratso Zamfara ya sauka Gusau, daga nan kira ya bazu cewa Sarkin Musulmi ya tashi, mai bi ya biyo. Ya bi ta tsakanin ƙasar Kano da ta Zazzau, kuma duk inda ya wuce garuruwa suna zubewa a bayansa. Ana gab da faɗuwar damina, lokacin sharar gona, amma manoma suka bar gonaki. Rahotannin da jami'an Turawa suka riƙa aikawa daga Kano da Zariya cike suke da firgici, domin sun ga sarakunan da suka naɗa za su wayi gari ba su da waɗanda za su mulka. Manya ma sun shigo: Etsu Abubakar na Bida, Sarkin Misau Ahmadu, Magajin Keffi, Bashiru na Segu da Alfa Hashim, malamin Tijjaniyya.

Bai kamata a yi wa wannan ayari kwalliyar da ba tasa ba. Daular Sakkwato daula ce mai bayi da yawa, kuma dokar Lugga ta 1901 ta soke matsayin bauta a gaban kotu, ta 'yanta duk ɗan da aka haifa daga Afrilun shekarar. Cikin masu tafiya akwai wanda imani ya tayar, akwai wanda tsoron soja ya kora, akwai kuma wanda yake son ya tsira da bayinsa, su kuwa bayin ba a tambaye su ba. A shekarun nan ne kuma dubban bayi suka yi tasu ƙaurar, suka bar gandayen iyayengijinsu suka nufi garuruwan da aka kamo su. Hanyoyin ƙasar Hausa a 1903 cike suke da masu gudu, ba duka gabas suka nufa ba. Ba a taɓa samun taron masu hijira da dalilinsu ya zama guda ba, kuma wannan bai rage wa mai jin yunwa a cikinsu yunwarsa ba.

Abin da Attahiru ya nema a wannan tafiya a fili yake. Ya rubuta wa jami'an Turawa cewa ba yaƙi ya fito ba, Makka ya nufa, a bar shi ya wuce. A harshen yau hanyar tsira ya roƙa. Amsar da ya samu ita ce ya miƙa kansa ba tare da sharaɗi ba. Turawan ba su ɗauki ayarin a matsayin mutanen da yaƙi ya raba da gidajensu ba, sun ɗauke shi barazanar tsaro, kuma daga ranar da aka sa masa wannan suna babu sauran maganar abinci ko rijiya ko mashigin kogi, sai ta yawan sojan da za a tura. Rundunoni suka fito daga Kano da Zariya da Bauci. Garuruwan da suka ga abin da ya sami Kano suka fara rufe wa ayarin ƙofa. Mutane da yawa suka gaji, yunwa ta ci su, suka juya gida.

Sauran suka isa Burmi, a bakin Kogin Gongola, cikin Jihar Gombe ta yau. Garin tsohuwar cibiyar Mahadiyya ce ta Malam Jibrilla Gaini, wanda Turawa suka kama a 1902 suka kai Lakwaja, kuma yana kusa da Dutsen Bima da ake dangantawa da bayyanar Mahadi. Abin lura ne cewa mutanen da Sakkwato ta daɗe tana yi wa kallon 'yan tawaye su ne suka buɗe wa Sarkin Musulmi ƙofa. Ranar 13 ga Mayu Kyaftin Sword ya kai wa garin hari, aka kora shi da raunuka masu yawa a rundunarsa. Attahiru ya matsa zuwa Gwani yana neman ci gaba da tafiya, aka far masa a can, ya dawo Burmi. Damina ta yi nisa, kogi ya kawo, gaba kura baya sayaki.

Ranar 27 ga Yulin 1903 Manjo Marsh ya iso da runduna mafi girma da igwa. An yi yaƙi tun daga hantsi har yamma, gida gida. Kibiya mai dafi ta kashe Marsh. Mutanen garin da baƙinsu fiye da 600 suka mutu, cikinsu har da Magajin Keffi. An sami gawar Attahiru a tsakiyar gawarwakin waɗanda suka kewaye shi. Daga hawansa gado zuwa wannan rana wata tara ne da 'yan kwanaki, kusan rabinsu a kan hanya. Tutarsa Turawa suka ɗauke suka kai Ingila, sai a 1960 aka maido wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ita.

Adalci ya sa a faɗi wani abu game da waɗanda suka zauna. Waziri Buhari ya bar birni bayan Giginya kamar kowa, ya tsaya a Marnona da tarin jama'a ba abinci, ya nemi fatawar malamai, ya koma ya sallama. Daga baya ya rubuta risala yana bayyana dalilinsa, kuma mai karanta ta zai ji mutumin da zuciyarsa ba ta kwanta da abin da ya yi ba. Hujjar malaman da suka ba shi shawara ita ce idan kowa ya tashi, ƙasar za ta zama kufai, raunana kuma da ba sa iya tafiya za su rasa mai tsaya musu. Matasa masu zafin kishi sukan raba mutanen 1903 gida biyu, jarumai da maciya amana. Wanda ya taɓa zama da mai garin da 'yan bindiga suka aza wa haraji, yana auna ko ya biya ko ya kwashe mutanensa su bar amfanin gona, ba zai yi saurin yanke wannan hukunci ba.

Waɗanda suka wuce

Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, ya tsira daga Burmi ya ja ragowar jama'a suka ci gaba. Suka ratsa ƙasar Cadi ta yau da Darfur da Kurdufan, tafiyar shekaru, ana tsayawa a yi noma a sami guzuri. Ƙiyasin da aka fi ambata na waɗanda suka bi wannan hanya shi ne kimanin mutum 25,000. Alfa Hashim ya kai Madina ya zauna har rasuwarsa. Mai Wurno kuwa wajen 1906 ya sauka a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau.

Wa ya ba su ƙasar? Turawan Ingila. Gwamnatin da ta harbe uban a Gongola ita ce ta sauki ɗan a Nilu, domin yaƙe-yaƙen Mahadiyya da yunwa sun rage mutanen Sudan, ana neman hannun noma. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda can ake haɗa su a kira Fallata, suna cikin waɗanda aikin ya dogara a kansu. Mutanen da aka kira barazana a 1903 sun zama abin nema bayan shekara ashirin. Ba su ne suka sauya ba, buƙatar hukuma ce ta sauya.

Da aka zo rabon takardar zama ɗan ƙasa sai aka tuna baƙi ne. Dokar Sudan ta 1957 ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamban 1897. Mutanen Attahiru sun makara da 'yan shekaru. Daga baya an matso da ranar zuwa 1924, sannan zuwa 1956, amma tabon bai goge ba. A 2008 wata jarida ta jingina wa Shugaba Umar al-Bashir maganar cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne. Ya musanta, amma sai da aka yi zanga-zanga a Gadarif da Kasala. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, maƙwabta suka ce baƙo ba shi da ƙasar da zai yi sarauta a kanta. Fiye da mutum 100 suka mutu, na watan Oktoba ya fi wannan muni. Ba duk Hausawan Sudan ne jikokin mutanen Burmi ba, da yawa zuriyar mahajjatan ƙafa ne, amma mai tambayar asali ba ya bambancewa.

Ta wannan gefen ma ƙofar ba a buɗe take ba. Sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda aka haifa a waje zama ɗan Najeriya idan ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne, sashe na 26 ya yarda a yi wa wanda kakansa ɗan ƙasa ne rajista. Daga kaka aka tsaya. Wanda ya bar Gusau a 1903 ya tafi tun kafin haɗewar 1914, balle a yi maganar fasfo. Najeriya ta shiga yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya biyu na hana mutum zama marar ƙasa a 2011, amma wa ya ji an kawo zancen waɗannan mutane a zauren majalisa? Mu ma kuma mun iya amfani da asali a matsayin makami. A Janairun 1980 gwamnatin Shagari ta ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a Majalisar Dokokin Borno, ta jefa shi Cadi da sunan ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta maido shi. A 1983 aka kori baƙi 'yan Afirka ta Yamma fiye da miliyan ɗaya, shekara huɗu kacal bayan ƙasashen ECOWAS sun sa hannu a yarjejeniyar zirga-zirga ba shinge.

Yau hanyar ta juya arewa. Tun 2019 dubun dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi suna gudun 'yan bindiga, aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da bakin iyaka. A Agustan shekarar, mutane suna tsaka da gudu, Abuja ta rufe iyakokin ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. An sake rufe ta Nijar a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, har zuwa Maris na 2024, sannan a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS. A duk waɗannan shawarwari, mutumin Gurbin Ɓore da 'yarsa take aure a hayin iyaka, ko wanda mafakarsa mafi kusa tana can, bai shiga lissafi ba.

Waɗanda ba su tsallaka ba, suna kangaye da makarantu da gidajen dangi a Ƙaura da Gusau. Najeriya tana da hukumar 'yan gudun hijira tun 1989, wadda daga baya aka ƙara mata kula da na cikin gida. Ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta kare waɗanda aka raba da muhallinsu a 2012, amma manufar ƙasa a kansu sai 2021 ta sami amincewar majalisar zartarwa, kuma ƙudirin mai da yarjejeniyar doka ya shafe fiye da shekara goma ana kai shi ana dawowa da shi. Nijar, wadda muke yi wa kallon ƙanwa, ta yi tata dokar tun Disamban 2018, ita ce ta farko a Afirka. Idan aka tashi maganar gyaran dokar shige da fice ta 2015 a Abuja, abin da ake ji shi ne biza ta intanet, da harajin ma'aikata 'yan waje da aka ƙaddamar a Fabrairun 2024 aka dakatar a wata mai bi masa, da na'urorin sa ido a kan iyaka. Idan aka zo Arewa kuwa sai a ce baƙin haure ne suke kashe mu. Makamai suna shigowa ta iyaka, wannan gaskiya ne. Amma manyan 'yan bindigar dajin Zurmi da Shinkafi an san garuruwan da aka haife su, kuma mafi yawan masu ƙetare wannan iyaka da dare mata ne da goyo. Kallon da Wallace ya yi wa ayarin Attahiru, na taron da za a tare ba wanda za a ciyar ba, shi ne har yanzu yake fara zuwa wa hukuma.

A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. Najeriya ta tura motoci da jirage ta kwaso 'yan ƙasarta, akasarinsu ɗalibai, ta Masar da Port Sudan. A ƙarshen Yunin 2024 dakarun RSF suka shiga Sinja, babban birnin jihar Sinnar, wutar ta iso yankin da garin Mai Wurno yake. Mutanen jihar suka ɗaure abin da za su iya ɗauka suka nufi Gadarif, wasu a mota, wasu a ƙafa.